FILIN MANOMA: Gyaran Ruwa Kafin A Zuba 'Ya'yan Kifi Cikin Sabon Tabki

Kiwon kifi a tabki ba tsohuwar sana'a ba ce a ƙasar Hausa. Gonar kifi ta Panyam da ke Jihar Filato, wadda a ke lissafawa cikin na fari a Nijeriya ta Arewa, a 1951 aka fara ta. Amma yau sana'ar ta shiga gari da ƙauye. A ƙasar Kankiya da Kusada akwai masu gina tabkin sumunti a bayan gida, da masu kafa na tamfol, da masu haƙa na ƙasa a fadama. Kifin da aka fi kiwo shi ne tarwaɗa, sa'an nan karfasa.

To, yawancin hasarar da ke samun sabon mai kiwo, cikin makonni shida na fari ta ke samunsa, kuma galibi daga ruwa ta ke fitowa. A ɗauki misalin saurayi wanda ya sayar da ragunansa, ya ƙara da rance, ya gina tabki. Ran Litinin magini ya gama shafe. Ran Alhamis ya cika ruwa. Ran Asabar ya zubo 'ya'yan tarwaɗa dubu, ya watsa musu abinci don murna. Kafin Laraba ta kewayo sai ya ga suna tsaitsaye a saman ruwa, kai sama wutsiya ƙasa, gashin bakinsu ya yi fari. Kullum safiya ya kwashe matattu da kwando. Ya ce an sayar masa da mugun iri, wani ya ce baki ne. Ko kusa. Masu magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Ga dalilan, ga kuma maganinsu.

DARASI DAGA MASU KIWON KIFIN TEKU

A ƙasashen Turai da Amurka akwai masu ajiye kifin teku cikin akwatunan gilashi don sha'awa. Tun 1853 aka buɗe ɗakin nuna irin wannan a gidan namun daji na Landan. Ruwan da su ke amfani da shi mai gishiri ne, wajen giram 35 cikin kowace lita, kifayen kuwa masu tsada ne ainun. Hasara ta koya musu doka guda: ba a cika sabon akwati da kifi ran da aka zuba masa ruwa. Su kan jira mako huɗu zuwa shida suna awon ruwan, sa'an nan su sa kifi kaɗan kaɗan. Mutuwar da ke bin gaggawa har suna su ka ba ta, watau ciwon sabon tabki. Kankiya ba ta da teku, amma ciwon ɗaya ne, gama kifin teku da tarwaɗa duk cikin ruwan da su ke sha su ke kashi.

SUMUNTI

Abu na fari shi ne sumunti. Akwai farar ƙasa mai ƙuna a cikinsa, ita ce ke cin hannun lebura in ya yini yana kwaɓi. In aka cika sabon tabki, sai ta riƙa narkewa cikin ruwan, ta mai da shi kamar ruwan toka.

Masana suna da awon da su ke kira pH, daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki. Abin da ya gaza 7 ya karkata wajen tsami, abin da ya ɗara 7 ya karkata wajen kanwa. Kifi yana son tsakanin 6.5 da 8.5. Ruwan sabon sumunti kuwa ya kan kai 10 ko 11. Irin wannan ruwa ya kan saɓe fatar kifi, ya ƙone jan naman nan na ƙarƙashin kunnuwansa wanda ya ke numfashi da shi.

Maganinsa haƙuri. A cika tabkin fal, a bar shi kwana huɗu ko biyar, a zubar, a goge bango da buroshi ko soso, a sake cikawa. A yi haka har mako biyu ko uku. Masu kiwo da yawa su kan jefa buhun takin kaji ko na shanu a ɗaure, ko gungumen ayaba inda a ke samu, don ruɓewarsu tana rage kaifin sumuntin, tana kuma sa bango ya yi gansakuka. In an yi haka, lalle a wanke sarai daga baya. Kada a sa omo ko sabulu.

Tabkin tamfol ba shi da wannan ƙuna, amma sabo yana da warin roba. A wanke shi da ruwan gishiri, a jiƙa shi kwana uku ko huɗu, a zubar. Na ƙasa kuwa, a fadama mai laka a ke haƙa shi, don jigawa ba ta riƙe ruwa. A dunƙule jiƙaƙƙiyar ƙasar wurin a jefa sama a cafe. In ta wargaje, wurin bai yi ba.

RUWAN DA ZA A ZUBA

Abu na biyu, daga ina ruwan ya fito? Kowane yana da halinsa.

Ruwan rijiyar burtsatse garau ya ke, ba ƙwayar cuta da yawa, amma ya fito daga ƙarƙashin ƙasa inda ba iska. Wani kuma yana da ƙarfe a narke, shi ne wanda in ya kwana a bokiti sai a ga ya yi ja. Kada a tura bakin tiyo cikin gindin tabki. A ɗaga shi sama ruwan ya riƙa faɗowa yana fantsama, ko a huda leda ko gwangwani ya zubo kamar ruwan sama. In da hali, a tara shi a tanki ya kwana tukuna, tsatsar ta kwanta.

Ruwan famfo yana da maganin kulorin wanda a ke sawa don lafiyar mutane. Ga kifi dafi ne. A bar shi a buɗe kwana biyu kafin kifi ya taɓa shi.

Ruwan dam, irin na Kusada ko na Zobe da ke kusa da Dutsin-Ma wanda aka gama a 1983, yana da iska, amma yana ɗauke da laka, da ƙwan kwaɗi, da ƙananan kifayen daji masu kawo cuta. A tace shi da gidan sauro mai ƙananan ido. A lura kuma da lokacin da masu noman rani ke feshi, gama maganin ƙwari ɗan kaɗan ya isa ya share tabki. Ruwan kududdufin gari kuwa, inda a ke wanki, lambatu kuma ke malalowa, a bar shi sam.

Sa'an nan a yi lissafin yawansa. Ƙasar Kankiya da Kusada a kan dutse ta ke zaune, rijiyoyi da yawa su kan ja baya daga watan Maris zuwa Mayu. Tabki mai tsawon mita 3, faɗi 2, zurfi 1, yana cin lita 6,000, watau duro 30. In za a sake kashi ɗaya cikin uku kullum, ana bukatar duro 10 kowace rana. Wanda rijiyarsa ba za ta ba da wannan da bazara ba, ya rage kifi tun da wuri.

ISKAR DA KE CIKIN RUWA

Abu na uku shi ne iskar shaƙa, wadda a ke kira oksijin. Kifi yana jin daɗi in akwai miligiram 5 ko fiye cikin kowace lita. Miligiram kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na giram. Ruwan ɗumi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi: a digiri 20 ya kan riƙe wajen 9, a digiri 30 kuwa wajen 7 da rabi, kuma daga cikin wannan ne kifi da ruɓaɓɓen abinci duk za su ci rabonsu.

Mutane su kan ce tarwaɗa ba ta mutuwa. Gaskiya ne babba tana da wata gaɓa cikin kai wadda ta ke shaƙar iskar sarari da ita. Amma 'yan ƙanana ba su yi ƙwari ba tukuna, kuma ƙaramin da ya yini yana hawa sama neman iska ba ya girma. Karfasa kuwa ba ta da wannan gaɓa ko kaɗan.

A tabkin da ruwansa ya yi kore, ƙananan tsire-tsire ne ke ba da iska da rana, da dare kuwa su ma shaƙa su ke yi. Don haka da asuba ne iska ta fi ƙaranci. Mai kiwo ya mai da shi al'ada, in ya fito daga sallar Asuba ya leƙa tabki. In ya ga kifi sun taru a sama suna haki, ya sako sabon ruwa nan da nan. Ya kuma gwada koren da hannu: ya tsoma har gwiwar hannu. In tafinsa ya ɓace tun bai kai rabin nan ba, kore ya yi yawa, a rage ruwan.

AMONIYA, MAI KASHEWA A ƁOYE

Abu na huɗu shi ne ya fi duka haɗari, don ido ba ya ganinsa. Kifi in ya ci abinci, ya kan fid da wani abu mai suna amoniya, mai zarni irin na makewayi. Abincin da ya nutse ya ruɓe shi ma yana ƙara ta. Kilo ɗaya na abincin kifi ya kan bar wajen giram 30 na amoniya cikin ruwa.

A koma ga tabkin nan mai lita 6,000. A ce an zuba 'ya'yan kifi 1,000, kowane giram 10. Nauyinsu duka kilo 10 ke nan. In ana ba su kashi 5 cikin ɗari na nauyinsu, rabin kilo ke nan kullum. Rabin kilo zai ba da amoniya giram 15. In aka raba cikin lita 6,000, kowace lita ta sami miligiram 2 da rabi a rana guda. In ba a sake ruwa ba, cikin kwana uku ta zama 7 da rabi.

Ga inda sumunti ya sake shigowa. Amoniya iri biyu ce cikin ruwa, mai dafi da marar dafi, kuma pH ne ke raba su. A ruwa mai ɗumin digiri 28, in pH 7 ne, mai dafin ba ta kai kashi 1 cikin ɗari ba. In 8 ne, ta haura kashi 6. In 9 ne, ta kai wajen kashi 40. Iyakar da a ke so kada mai dafin ta wuce ita ce miligiram 0.05 a lita. To, a wankakken tabki mai pH 7, sai bayan kwana uku za a kai iyakar nan. A ɗanyen tabki mai pH 9 kuwa, tun ran fari mai dafin ta kai miligiram 1, watau ninki ashirin na iyaka. Abin da ya kashe kifin saurayin nan ke nan. Abin da ya sa kuma masu kifin teku su ke tsoron amoniya ƙwarai, gama pH na ruwan teku ya ɗan ɗara 8.

Allah cikin ikonsa ya halicci masu share wannan dafi. Waɗansu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, masu suna bakteriya, waɗanda wani masani mutumin ƙasar Rasha, Sergei Winogradsky, ya ware ya bayyana aikinsu a 1890. Ƙungiya ɗaya tana juya amoniya ta zama nitirayit. Ta biyu tana juya nitirayit ta zama nitiret, wanda ba ya cutar kifi sai ya yi yawa ainun, kuma taki ne ga shuka. Jikin bango da duwatsu da laka su ke manne. Tsohon tabki yana da su, sabo ba shi da su, kuma yaɗuwarsu a hankali ta ke. Shi ya sa amoniya ta kan hau cikin kwana goma na fari, nitirayit ya biyo baya daga mako na biyu zuwa na huɗu, kana ruwa ya daidaita wajen mako na shida.

Ana iya taimakonsu. A samo 'yan duwatsu daga tsohon tabki wanda kifinsa ke lafiya, a kawo su a jiƙe, a jera cikin sabo. Amma a sani, a tabkin sumunti mai kifi da yawa ba za su iya aikin su kaɗai ba. Sakin ruwa shi ne babban magani.

GISHIRI, BA KANWA BA

Nitirayit yana shiga jinin kifi ya hana shi ɗaukar iska, har jinin ya koma ruwan ƙasa. Sai a ga kifi yana haki alhali ruwa da iska. Gishirin miya yana tare masa hanya. Giram 100 cikin kowace lita 1,000 ya isa don wannan. Cikin kwanakin fari bayan wahalar tafiya ana iya kai shi kilo ɗaya cikin lita 1,000. A narka shi a bokiti tukuna, a zagaya da shi. In an zubar da ruwa, gishirin ya bi shi, sai a mayar gwargwadon abin da aka sake.

Amma a yi hattara ƙwarai. Kanwa ba gishiri ba ce, toka ma haka. Dukansu biyu ɗaga pH su ke yi. Wanda ya zuba kanwa cikin ruwa mai amoniya, da hannunsa ya mai da marar dafin mai dafi.

ZAFI DA SANYI

Tarwaɗa ta fi girma a ruwa mai digiri 26 zuwa 30. In ya sauka ƙasa da 20 ba ta cin abincin kirki, abin da ta bari kuwa ruɓewa zai yi. Cikin Disamba da Janairu, sa'ad da hunturu ke busawa, ƙaramin tabki ya kan yi sanyi ƙwarai da dare. Sabon shiga kada ya fara kiwo a lokacin nan. Wanda ya riga ya zuba, ya rufe tabki da leda da dare, ya bar kafar iska, ya rage abinci, ya ba da shi da rana tsaka. Ruwan burtsatse da ɗuminsa ya ke fitowa, don haka sako shi da sassafe yana taimako. Da bazara kuwa, sa'ad da zafin Afrilu ke haura digiri 40, a yi rumfar zana a kan rabin tabki.

RANAR ZUBA KIFI

Kwana biyu kafin ranar, a auna pH. Ana sayar da takardar awo da ruwan awon amoniya a shagunan kayan kifi na Kano da Katsina. Sa'an nan a sa kifi goma na gwaji. In sun kwana biyu suna iyo suna ci, ruwa ya yi.

A sayi masu tsawon ɗan yatsa ko fiye, masu kai ɗaya. A roƙi mai ƙyanƙyasa ya hana su abinci kwana guda kafin tafiya, don kada su ɓata ruwan jarka a hanya. A taso da sassafe ko da maraice. In an iso, kada a juye su haka kawai. A sa jarkar cikin tabki minti 20 zuwa 30, ana ɗiban ruwan tabki da kofi ana ƙara mata kaɗan kaɗan, har ɗumin biyun ya zo ɗaya. Bambancin da ya wuce digiri 2 ko 3 farat ɗaya yana gigita su. Daga nan a kwashe su da 'yar koma a saki, ruwan jarka kuwa a zubar a waje. Kada a ba su abinci sai gobe.

Game da yawa, sabon shiga wanda zai riƙe kifi har su kai na kasuwa kada ya wuce 50 cikin kowace lita 1,000, watau 300 a tabkin da aka yi misali da shi. Ɗari uku masu rai sun fi dubu a kwando.

MAKONNI SHIDA NA FARI

A fara da rabin abincin da aka ƙayyade, a riƙa ƙarawa mako mako. A tsaya a kansu in ana ba su. Abin da ba su cinye cikin minti goma ba ya yi yawa. Kullum a zuƙe dattin gindi da tiyo, a sake kashi ɗaya cikin uku na ruwan. Bayan kowane mako biyu a ware manya daga ƙanana, don tarwaɗa tana cin 'yar'uwarta, gawar da ta saura kuwa tana ɓata ruwa.

Alamun ɓacin ruwa su ne: kumfa wadda ba ta fashewa, wari, kifi ya ƙi abinci, ko yana goga jiki da bango, ko ya tsaya a tsaye a sama. In an ga ɗaya, ga abin yi bi da bi. A tsai da abinci kwana ɗaya ko biyu, yunwar nan ba ta kashe kifi. A kwashe matattu a binne. A sake rabin ruwa, ba duka ba. A sa gishiri. A auna. Kada a ruga kanti a sayo kafso a juye, gama yana kashe bakteriyan nan masu amfani, ga hasarar kuɗi. In an yi wannan duka mutuwa ba ta tsaya ba, a nemi malamin gona na ƙaramar hukuma ko na hukumar KTARDA. Mai son zurfafa ilmi kuwa, akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a Sabuwar Busa, bakin tabkin Kainji, cikin Jihar Neja.

Ruwan da aka zubar kada ya tafi lambatu. A ja masa hanya zuwa lambu, zogale da alayyafo da tumatir su sha, don abin da ke dafi ga kifi taki ne ga shuka. Wanda aka sa wa gishiri da yawa kaɗai za a kau da shi daga shuka.

A ƙarshe, kowane mai kiwo ya sami ɗan littafi. Kullum ya rubuta abincin da ya bayar, da ruwan da ya sake, da awon da ya samu, da kifin da ya mutu. Malamin gona ba zai iya taimakon wanda ya ce masa "sun dai mutu" ba, amma littafin nan zai nuna masa ranar da ruwa ya fara juyawa. Sannu ba ta hana zuwa. Mako uku na jiƙon tabki ba su kai zafin biyan bashin kifin da ya mutu ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, filin nan zai yi bayanin abincin tarwaɗa da yadda a ke auna shi. Allah ya sa albarka cikin sana'a, amin.